Akwatin Ajiya da Ɗiyar Fari

Shagona yana bakin titi a Kalgo, tsakanin mai walda da mai gyaran waya. Buga takardu nake yi, da fotokofi, da ɗinke wa ɗalibai littafin da suke rubutawa in za su fita daga jami'a, wanda suke kira furojet. Kwamfuta uku gare ni da firinta ɗaya, sai wani ɗan baƙin akwati a kan kanta wanda bai fi bulo girma ba. A cikinsa aikin kowa yake kwana. Ko a wace kwamfuta na zauna, in na buɗe folda guda sai in ga kayan mutane duka, kamar rumbu ɗaya mai ƙofa uku. Ban san yadda abin yake tafiya ba, ban kuma taɓa tambaya ba. Wadda ta haɗa mini shi ɗiyata ce ta fari, a gidanmu kuwa mace ba ta zama ta yi wa ɗiyar fari tambaya.

Mu mutanen wajen Masama ne. Kakannina masu shanu ne da suka zauna wuri ɗaya suka kama noma, sun bar yawo amma ba su bar kunya ba. Ɗan fari a wurinmu ba naka ba ne. Ba ka kiran sunansa, ba ka ɗaukarsa a gaban mutane, in ya faɗi ya fasa baki sai ka kalli wani wuri har wani ya zo ya ɗaga shi. Ana yaye ɗiyar tawa, mahaifiyata, Inna, ta zo ta goya ta ta tafi da ita Gwandu. Ban yi kuka ba, don mata sun zuba ido su ga ko zan yi. Ta tashi tana ce wa Inna Inna, ni kuma tana ce mini Adda, yadda ƙanwata take ce mini. Ni in zan yi maganarta sai in ce “ta Gwandu”, ko in ce “waccan”. Ƙannenta maza biyu da na haifa daga baya, su kam na kira sunansu har maƙwabta sun haddace, na zage su, na rungume su, duk a gabanta in ta zo hutu.

Kada wanda ya ce mini ba na son ta. Na tsani wannan magana ta ’yan zamani, wai in ba ka faɗa ba to babu. Duk kifin da ya fi kyau a kasuwar Kalgo ni nake zaɓe shi, in banda shi da hannuna, in aika Gwandu in ce na Inna ne, alhali kowa ya san Inna ba ta da haƙoran cin sa.

Ta yi karatun kwamfuta, ta yi aure a can Gwandu, tana koyarwa a wata sakandare. Lokacin da ƙwayar cutar kwamfuta ta ishe ni, ɗalibai suna kawo ta cikin filas ɗin da suke ajiye aikinsu kullum tana cinye mini aiki, ƙanwata ce ta kai mata labari. Suka zo tare. Ta sauke manhajar da ke kan kwamfutocin, ta ɗora wata ta kyauta wadda cutar ba ta cika kamawa ba, ta haɗa su da akwatin nan. Ina zaune a cikin shagon, tsakanina da ita bai fi tabarma ɗaya ba, amma duk bayanin ƙanwata ta yi wa, wadda take ce wa Yafendo. “Yafendo, ki ce wa Adda kada ta riƙa zare wayar akwatin in tana shara.” Ƙanwata ta juyo ta maimaita mini, ni kuma in ce, “Ki ce na ji.” Ba mu ga abin dariya a ciki ba. Ƙanwata ce kawai take ƙunshe baki.

Shekarar da nake ba da labarinta, Inna ta rasu da rani, mahaifin yaran kuma dama ya daɗe da rasuwa. Damina na kamawa aka gaya mini ta Gwandu tana da ciki, har ya fito. Cikin fari kuwa ba a haifarsa a gidan miji. In ya tsufa sai a mai da mace gidan iyayenta goyon ciki, ta haihu a can, a yi mata wankan jego, uwa ta tsaya a kanta har ta yi arba’in. Da Inna na da rai babu wata magana, gidan Inna za ta. Yanzu babu Inna, saura gida biyu: nawa a Kalgo, da na ƙanwata a Gwandu.

Ina son ta zo wurina. Ban taɓa son wani abu a duniya kamar yadda na so wannan ba. Na aika ƙanwata ta ji mini, yadda aka saba. Ta dawo mini da amsa ta waya.

“Adda, ɗiyar nan taki ta ce ta gaji da ’yan aike. In kina son ta zo gidanki, ki gaya mata da bakinki. In ba ta ji daga gare ki ba, nan wurina za ta zauna.”

Na ce, “Lalle boko ya yi rana. Ni zan buɗe baki in roƙi waccan?”

“Ba roƙo ta ce ba. Magana ta ce.”

“To ki ce mata na ji.”

Na ajiye wayar na yi ta faɗa ni kaɗai har mai walda ya leƙo ya ga ko da wani nake. Daga ranar kullum sai in ce gobe zan kira ta, cikin kuma bai tsaya jirana ba.

Ana cikin haka kwamfutocin suka tsiro da wani hali. Da na kunna sai wani ɗan saƙo ya fito a kusurwar allo, wai akwai sabon abu, in yarda a sabunta. In kore shi, ya dawo. Lokacin furojet ne, shago cike, raina kuma dama a ɓace yake. Wata rana da yamma intanet ya yi kyau, na ce bari in ba shi abin da yake so in huta. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, duka ukun, na danna musu. Suka yi ta zuba rubutu, suka ce in kashe in kunna, na kashe na tafi gida.

Da safe na buɗe foldar, wayam. Na koma ta biyu, haka. Ta uku ma haka. Sai wani saƙo da Turanci, wai akwatin a kashe yake. Na ɗaga kai na dubi akwatin, ga shi nan koriyar fitilarsa tana ƙiftawa kamar kullum. Na ce, “Kai maƙaryaci ne,” da kwamfutar nake. Aikin ɗalibai kuwa duka yana ciki, wasu ma takardunsu na hannu sun daɗe da yar da su.

Na yi duk abin da na sani. Na kashe na kunna. Na zare wayoyin baya na hure su na mayar. Na sauya wa wannan wayar waccan. Na zare wutar akwatin, abin da aka hana ni, na jira ya huce na mayar. Har ɗan duka na yi masa a gefe, irin wanda ake yi wa rediyo. Mai gyaran waya ya shigo ya duba, ya ce shi bai san irin wannan manhajar ba, amma in na yarda ya goge komai ya ɗora wadda kowa ya sani. Na tambaye shi aikin mutane fa? Ya ce ai ƙaddara ce. Na ce ya fita tun muna shaida juna.

Akwai wani malamin firamare daga wajen Dodoru, mutum mai furfura da ya koma karatu da girmansa. Gyaran ƙarshe ya rage a furojet ɗinsa, malamin da ke duba masa kuma zai yi tafiya a ƙarshen mako. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Zama ya yi a benci ya ɗora hularsa a gwiwa.

Ya ce, “Hajiya, wa ya haɗa miki shi tun farko? A kira shi mana.”

“Wata ce a Gwandu.”

“’Yar uwa ce?”

Na ce, “Ƙanwata ce.” Haka kowace mace a danginmu za ta ce, ban ji komai ba da na faɗa.

Na kira ƙanwata ta gaske, na ce ta yi maza ta je gidan waccan. Da ta isa ta kira ni, ta buɗe muryar wayar. Ina jin ɗiyar tana tambaya daga gefe, ƙanwata tana maimaitawa, ni ina ba ƙanwata amsa. Fitilar akwatin tana ci? Tana ci. Kwamfutocin suna shiga intanet? Suna shiga. Firinta tana bugawa? Tana bugawa.

Ƙanwata ta ce, “Ta ce mi kinka taɓa jiya?”

“Ban taɓa komi ba.”

Malamin yana kallona.

Na ce, “Wani saƙo ne ya dame ni, na danna mishi.”

“A guda nawa?”

“Duka.”

Na ji ɗiyar ta yi ajiyar zuciya. Ta ce in buɗe wani baƙin allo in rubuta wasu haruffa. Nan aka tsaya, don ƙanwata ko aji ɗaya ba ta yi a boko ba, harafi in ya shiga kunnenta ba ya fitowa yadda ya shiga. Muka yi ta yi, ni ina masifa, ita tana rantsuwa haka aka gaya mata. Sai na ji motsi, wayar ta sauya hannu, muryar ta matso kusa da kunnena.

“Adda, ni ce. Kina ji na? Abu kaɗan ne, in kin bi abin da zan gaya miki yanzu za ki ga fayilolinki.”

Tunda aka haife ta muryarta ba ta taɓa zuwa mini kai tsaye haka ba. Muryar Inna ce sak, lokacin da Inna take da ƙarfi. Ga malamin a benci, ga mai gyaran waya ya dawo ya tsaya a ƙofa, su duka suna jira in yi magana. Na san ba maganar akwati kaɗai ke cikin wayar nan ba, in na amsa wannan sai na amsa waccan.

Na ce, “Ba Yafendonki wayar.”

Sai ta ce, “To,” ta kashe.

Kashegari da hantsi, ana yayyafi, wata motar haya ta tsaya a gaban shagon. Mijin ta Gwandu ne ya fara fitowa, ya zagaya ya buɗe mata. Ta sauko a hankali, hannu ɗaya a ƙugu. Ban san cikin ya kai haka ba. Ƙafafunta sun kumbura har silifas ya yi musu shaida. Daga Gwandu, ta Birnin Kebbi, a hanyar damina, a cikin motar da ake cusa mutane kamar buhunan albasa, saboda abin da ta ce ana iya yi ta waya. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na gode mata.

Surukin nawa ya cire takalmi a bakin ƙofa ya durƙusa. Wata kunyar kuma ke nan a kan wadda nake ciki. Na ja mayafi na rufe rabin fuska, na koma bayan injin fotokofi ina amsa gaisuwarsa daga can. Ya gama ya tashi ya je ya zauna a rumfar mai walda. Yafendo ba ta biyo su ba. Na leƙa motar har sau biyu, babu ita.

Malamin ya riga kowa zuwa, yana nan a bencinsa. Ya miƙe da fara’a.

“Sannu da hanya. Ke ce ƙanwar Hajiya da anka ce?”

Ta tsaya da jakarta a hannu. Ba ta dube ni ba.

“Haka ta ce?”

“Haka ta ce jiya.”

Ta ce, “To haka ne.” Ta juya wajen da nake, ta ɗan rusuna iyakar yadda cikin ya bar ta. “Adda, ina kwana.”

Na ce, “Lahiya,” ina kallon takardun da ke hannuna.

Ta zauna a gaban kwamfutar farko, sai ga shi cikin ya hana ta matsawa kusa da tebur, balle ta sunkuya ƙarƙashinsa. Ta gwada, ta kasa. Ta ce, “Adda, sai kin zo kin zama hannuna.” Babu wanda zan tura. Na jawo kujera na zauna a gefenta, kafaɗata tana taɓa tata. Tana ƙamshin man da Inna take shafawa.

Ta sa na shiga ƙarƙashin tebur na bi kowace waya da hannu har inda ta shiga. Lafiyarsu lau. Ta sa na rubuta wani ɗan umarni a baƙin allon, wanda ta ce sallama ce kwamfuta take yi wa akwatin. Layuka suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, “Kin gani, shina amsawa. Ba a kashe yake ba, saƙon nan ne bai iya bayani ba.” Daga nan ta ce in kashe kwamfutar in kunna, in danne wani maɓalli kada in saki. Wani allo ya fito wanda ban taɓa gani ba, da layuka kaɗan. Ta nuna na ƙasa da yatsa, na zaɓa. Kwamfutar ta tashi. Ta ce in buɗe foldar.

Ga su nan. Kowane fayil, har na malamin, da sunansa a jiki. Na ce alhamdu lillahi da ƙarfi, malamin ya taso yana leƙe ta saman kaina.

Ta yi mini bayani, ni kaina, ba ta hannun kowa ba. Ta ce a can cikin manhajar akwai wani ɓangare da ake kira kanel, shi ne yake tsakanin ƙarfen kwamfuta da duk abin da nake gani a allo, shi ne kuma yake ɗauko mini fayil daga akwatin. Abin da na danna ya kawo sabon kanel, amma bai jefar da tsohon ba, tsohon ne muka tashi da shi yanzu. Ƙa’idar da kwamfuta da akwati suke bi su miƙa wa juna fayil iri-iri ce, akwai ta da, akwai ta yanzu. Akwatina a kan ta da yake. Sabon kanel kuwa ya daina farawa da ita, don ɓarayin intanet sun gano ramukanta. Ya nemi akwatin da ta yanzu, bai samu amsa ba, sai ya ce a kashe yake.

Na ce, ina kallon allo, “To a bar su a kan tsohon mana, tunda shina yi.”

“Ana iyawa. Ana ma iya ƙara kalma guda a wani layi, a tilasta wa sabon ya bi ta da. Amma faci ne, Adda. Wata rana za su cire ta gaba ɗaya, ki sake tashi ki ga wayam. Akwatin za mu gyara.”

Ta buɗe shafin akwatin daga cikin kwamfutar, ta shiga da kalmar sirrin da ita kaɗai ta sani. Ta duba ta ce shi ma tasa manhajar ta tsufa, sai an sabunta ta kafin ya karɓi sabuwar ƙa’idar. Kafin ta taɓa shi ta sa na kwafe komai zuwa kwamfutar farko, ta ce ba a yi wa rumbu gyara da hatsi a ciki. Ta buga wa malamin shafukansa a lokacin, amma ya ƙi tafiya saboda ruwan ya ƙaru. Sannan ta danna a sabunta akwatin, wani ɗan layi ya fara cika daga hagu. Intanet ɗin damina ne, tafiya yake kamar ba ya so.

Babu abin yi sai jira. Na tashi na dama fura da nono mai kyau, na ajiye a kan tebur kusa da hannunta, ban ce ga shi ba. Ta sha. Na jawo kwalin takarda na tura ƙarƙashin ƙafafunta da ƙafata, ta ɗora su a kai. Can na ga ta cije leɓe ta dafa gefen cikin, rigar ta motsa a ƙarƙashin hannunta. Hannuna ya tashi da kansa, na mai da shi kan cinyata na danne.

Na san wannan ce damar. Ba waya, ba ɗan aike, ga ta ga ni. Na jera maganar a zuciyata tsaf, gajeruwa ce, yaro ma zai iya faɗin ta. Na buɗe baki, sai na ji ina cewa, fuskata wajen firinta:

“Ɗakin baya na gida an yi mishi sabon daɓe.”

Ta ci gaba da kallon allo. Na ƙara da cewa:

“Itace ma an tara, busasshe, tun kafin ruwa ya yi ƙarfi. Akwai babbar tukunya.”

Gaskiya ce kuwa. Ni na tara itacen da kaina, na rufe shi da leda, na sayi kanwa, na gaya wa yaran wai na girki ne.

Ta juyo da kujerarta gaba ɗaya, da ƙyar, ta dube ni ido cikin ido. Ban taɓa ganin fuskarta kusa haka ba tunda ta girma. Akwai ɗan tabo a haɓarta wanda ban san inda ta same shi ba.

Ta ce, a hankali, “Adda, da wa kike?”

Ruwan ya kori mijinta daga rumfar mai walda, ya zo ya raɓe a bakin ƙofarmu, ya ba mu baya. Malamin yana benci yana duba shafukansa, amma na ga ya daina juya su. Na ji kamar duk matan danginmu, masu rai da matattu, sun shigo shagon sun zauna suna jira su ji ko ɗiyar Inna za ta yi abin da ba a taɓa yi ba. Ita kuma tana jira, ba ta ƙifta ido ba. Kunya biyu ce ta kama ni, ta faɗa da ta rashin faɗa, na rasa wadda ta fi nauyi.

Na ce, “Magana ce dai nike yi.”

Ta ci gaba da kallona kaɗan, sannan ta gyaɗa kai ta juya ga allon. Layin ya cika ba da daɗewa ba.

Sauran aikin ba ta nemi hannuna ba. Ta miƙa nata hannun daga nesa ta yi. Akwatin ya mutu ya tashi, ta shiga ta kunna masa sabuwar ƙa’idar ta kashe ta da. Ta bi kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya, tana dafa tebur in za ta tashi, ta gyara layin da yake gaya wa kowace inda akwatin yake, ta tashe su a kan sabon kanel. Kowace ta buɗe foldar. Ta ajiye fayil a wannan ta je ta buɗe shi a waccan, ta goge, ta sake gwadawa. Ta kashe komai har akwatin, ta kunna, ta sake dubawa. Aiki mai kyau, babu ha’inci. Malamin ya yi ta sa mata albarka, ya ce Hajiya ta yi dacen ƙanwa.

Ta ɗauki jakarta. Na ce wa iska ai a tsaya a ci abinci, mijin ya ce suna son su kama mota kafin hanya ta ƙara lalacewa. A bakin ƙofa ta tsaya tana gyara mayafi.

“Adda, na gyara shi yadda ba zai sake yi miki haka ba. Ko mi ya fito ki danna, babu abin da zai faru. Ba sai kin sa an neme ni ba.”

Ba da fushi ta faɗa ba. Da fushi ne da na samu abin riƙewa, in yi kwana uku ina masifa in ji sanyi. Na tsaya a ƙofa ina kallo mijin ya riƙe mata lema har bakin titi. Mota ta zo, ya tura mutane ya samar mata gaba. Ban ɗaga hannu ba, don mai walda yana kallo.

Na sake cewa gobe. Na ɗauki wayar ba sau ɗaya ba, na nemo lambarta, in kalle ta in ajiye. Ina cikin goben nan ƙanwata ta kira ta ce dangin mijin sun kawo ta gidanta da kayanta. Ba ta ƙara komai a kai ba, ni ma ban tambaya ba.

A can ta haihu, namiji. Ƙanwata ce ta riƙe ta a kan gwiwa, ita ta dafa ruwan wanka safe da yamma, ita ta dama kunun kanwa. Ni ranar suna na je, da turmin atamfa da kifi, aka shimfiɗa mini tabarma a tsakar gida cikin ’yan barka. Mata suka yi ta yabona, wai ga mace mai kunya irin ta da, ko ɗakin mai jego ba ta leƙa ba. Na yi murmushi na karɓi yabon. Daga inda nake ina jiyo ta ta taga tana yi wa jaririn wasa, tana kiran sunansa a gaban kowa.

Abin da ta gaya mini a bakin ƙofa kuwa gaskiya ne. Yaron yanzu har ya fara tafiya, in ji ƙanwata. Kullum da safe in na buɗe shago sai in kunna kwamfutocin, in buɗe foldar, in ga komai yana nan daidai. Ko sau ɗaya bai sake lalacewa ba.